Shinkafar Gindin Gora

Da hantsi aka tiso ƙeyar Winifred zuwa ofishin 'yan sanda na Samaru, ga goyo a bayanta, ɗankwali a yage, mutanen Palladan na biye suna ihun "Mayya!"

Sufeto Bibiana ta fito ta daka tsawa. "Duk wanda ya ƙara taɓa matar nan, a sel zai kwana! Jaririn ma ba ku gani?"

Wani mai ƙaton tumbi ya matso, Raphael, mai shagon taki da maganin ƙwari a Sabon Gari.

"Madam, asiri take binnewa a gindin gora. Felix, ƙaramin ɗan maƙwabciyarmu, ya tono ya ci, ga shi can asibiti rai a hannun Allah. Da idona na ga tana zuba wa shinkafar manja."

A ofis Winifred ta yi bayani. Dabarar manoman Koriya ce aka koya wa matan lambu. A dafa shinkafa, a zuba a akwatin katako, a rufe da takarda, a tura ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye. In farin funfuna ya lulluɓe ta, sai a cakuɗa da mazarƙwaila a yi taki.

"Manjan fa?"

"Wane manja, ranki ya daɗe? Ko gishiri ba a sawa. Mai ya taɓa ta, ta lalace."

Sufeto ta tafi gindin gorar a bakin rafi da kanta. Ta tono sauran akwatunan: shinkafa zalla, funfuna fari sol kamar auduga. Wanda yaron ya ci kuwa leda aka rufe shi da ita, ja wur da manja, warin maganin ƙwari na fiya-fiya na tashi. Ranta ya ɓaci. Wanda ya yi wannan ya ga akwati daga nesa ne kawai, bai san aikin ba.

Daga nan ta zarce Sabon Gari. Raphael na ganinta ya miƙo kujera.

"Madam, a kawo lemo?"

"Ajiye lemonka. Yaushe ka ga tana zuba manja?"

"Shekaranjiya, a tsakar gidanta."

"Ta katanga kake leƙen matar aure?"

Ya share gumi. "A'a, wato... labari aka ba ni."

"Ɗazu idonka ne, yanzu kunnenka. Wanda ya tsinci yaron a gefen hanya ya same shi. Ban da ni da yaron ba wanda ya buɗe akwatin nan. Ina ka san da manja?"

Sai ya zube a kan buhun taki.

"Awaki na nufa, Madam, na rantse. Na ce in awakin unguwa suka mutu, za a kore ta. Tun da ta fara wannan abu matan lambu suka daina zuwa shagona."

"Awaki! Ka dafa shinkafa da manja, ka zuba guba, ka ajiye inda yara ke wasa, ka ce awaki? Yaro ya faɗi, kai ne kan gaba wajen tara wa mai goyo jama'a!"

"A rufa mini asiri, ni ma ina da 'ya'ya."

"Kar ka sake ka ambace su a gabana. Kofur, sa masa ankwa."

Kofur ya nufi bakin titi zai tsayar da tasi.

"Bar motar," in ji Sufeto. "Winifred a ƙafa aka jawo ta. Ta tsakiyar kasuwa za mu bi da shi."