Allon Malam Gobe

Ranar da Auta ta fara zuwa ɗakin koyon zane, cikin awa ɗaya ta zana kujera, ta shafa mata fenti, har ta sa hannu a ƙasan allon. Tana wanke burushi sai ta ji murya a bayanta.

"Duk wanda ya zauna a kujerar nan sai ya faɗi. Ƙafar baya ba ta taɓa ƙasa ba."

Ta juyo a fusace. Wani dogon saurayi ne siriri, gefen hannunsa ya yi baƙi ƙirin da fensir. Ta ce to ya nuna mata tasa. Ya buɗe littafinsa, sai ga ƙafar kujera sau talatin, kowacce ta fi 'yar'uwarta kyau, amma babu cikakkiyar kujera ko ɗaya.

"Tawa dai ko gurguwa ce, kujera ce," in ji ta.

Ya yi murmushi, ita kuwa ta ji haushin yadda murmushin ya burge ta.

Malam Gobe ake ce masa a wurin, saboda duk aikin da aka tambaye shi sai ya ce gobe zai ƙarasa. Malama, dattijuwar da ke koyar da su, takan ce ba ta taɓa samun ɗalibi mai hannunsa ba, ba ta kuma taɓa rataye aikinsa a bango ba. Auta kuwa kullum da sabon abin ratayewa, ko a karkace yake. Shi ya ce mata sauri ya haifi nawa, ita ta ce masa sannu ba ta hana zuwa, amma fa ana daɗewa ba a je ba. Daga wannan tsokana, kafin shekara ta zagayo har ya san irin tarin da take yi in ƙurar alli ta shaƙe ta, yana ajiye mata ruwa tun kafin ta nema.

Wata safiya ya turo mata saƙo: "Autata, na zana idonki sau goma sha biyu, har yanzu ban kamo yadda yake yi in kina harara ta ba. Ki zo da wuri ki harare ni."

Ta amsa: "Malam Gobe, ido kawai? Sauran fuskar fa, sai baɗi?"

Da maganar aure ta taso, Baba ya ce sai ya ga aikin yaron kafin manya su zo. Baban Auta magini ne, shekara talatin da biyar yana ɗora bulo, kuma babu abin da ke ɓata masa rai kamar ya wuce kango. Ya je ɗakin saurayin ranar Asabar da hantsi, ya tarar da alluna jingine sun ba mutane baya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana juyawa. Ga kasuwa babu sararin sama, ga tsohuwa babu ƙafafu, ga kogi da ya tsaya a tsakiyar allo. Ashirin da uku ya ƙirga, ya yi sallama ya fito.

"Yaron yana da ladabi, yana da hannu," ya ce wa Auta a gaban Mama. "Amma kango ashirin da uku na gani a ɗaki ɗaya. Wanda ya saba barin aiki a rabi, ina tsoron ranar da zama zai yi masa wuya. Ya kawo mini guda ɗaya da ya kai ƙarshe, sai manyansa su zo."

Auta har daɗi ta ji, ta ɗauka aikin sati guda ne. Wata bakwai aka yi.

Hoton wani magini Malam Gobe ya zaɓa ya zana, yana tsaye a kan katako yana ɗora bulo. Cikin sati uku komai ya fito, bango da inuwa da zufar da ta jiƙa bayan riga. Hannuwa kawai suka rage, farin wuri biyu a tsakiyar allon. Sai ya koma littafi yana gwada hannu, ya cika ɗaya, ya cika biyu, ya cika huɗu. Kullum in ta leƙa, farin wurin nan yana nan yana kallonta.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, sai dai ba a faɗi wuyar da mai hura wutar yake sha ba. Auta ta gaji da tambayar ƙawaye, ta gaji da shirun Baba in an zauna cin abinci, ta gaji da kare mutumin da ita kanta ta fara shakkarsa. Ga mai shagon fenti na bakin titi, mutum mai fara'a da ba ya ɓoye nufinsa, ya aiko mata da akwatin sababbin burusai ta hannun Yayarta. Yaya ta ce ita dai ba ta ga amfanin zaman jiran gawon shanu ba. Auta ba ta son mutumin, amma ba ta da ƙarfin musu, sai ta jefa akwatin a jaka da niyyar mayarwa.

Wata Alhamis da rana Malam Gobe ya fita sayen takarda, littafi na biyar ke nan. Auta ta tsaya gaban allon, ranta ya yi baƙi. Burusansa suna kulle a durowa, don haka ta buɗe akwatin nan ta zaro ɗaya. Cikin minti arba'in ta cike farin wurin.

Ya dawo ya tsaya gaban allon. Ya dubi hannuwan, ya dubi akwatin da sunan shagon ke jiki.

"So kike Babanki ya ba ni ke a kan aikin da ba nawa ba?"

"So nake a gama," ta ce, muryarta ko tashi ba ta yi ba. "Na gaji. Wallahi na gaji da kai, kuma ban daina sonka ba, shi ne abin da ya fi gajiyar da ni."

Ya ce ai ga shi ta sami mai gama abu da wuri. Ta ɗauki jakarta ta fita. Kwana goma sha ɗaya babu kira babu saƙo, suna aiki a ɗaki ɗaya kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya.

Malama ce ta gaji da kallonsu, ta kira su gaban allon. Ta ce yatsun da Auta ta zana sun fi kama da ayaba, kuma ba abin mamaki ba ne ga wadda rabonta da riƙe fensir tun bara. Shi kuma ta ce ya mai da gwaji maɓoya, don littafi ba ya kunyata mutum, aikin da aka gama ne ake gani a yi magana. Ta ce laifinta ne da ta bar kowa yana yin abin da ya fi masa sauƙi.

Daga ranar ta canza tsari. Da safe kowa fensir, awa ɗaya, ba ƙari. Da rana ƙaramin allo da fenti, a gama shi kafin a tashi, ta kulle a kabad ko yaya ya fito. Kwana biyu a sati na babban aiki ne, da ranar gamawa a rubuce a bango. Ta hana Auta taɓa fenti wata guda, ta kwashe littattafan Malam Gobe ta tafi da su gida.

Ranar farko har roƙon Malama ya yi ta ƙara masa minti goma, ta zare allon daga hannunsa da ɗanyen fenti. Auta tana gefe tana fama da zanen hannunta na hagu, ta goge har takarda ta huje, ta gane ashe abin da yake yi ba wasa ba ne.

A kwana na shida saƙonsa ya shigo: "Farin cikina, na ji kin mayar wa mai shagon akwatinsa. Na yi miki mummunan zato, ki yafe mini. Ina neman izinin kankare hannuwanki daga allon. Ba don sun yi muni ba, ko da yake sun yi."

Ta yi dariya har da hawaye, ta rubuta: "Kankare. Amma in na sake ganin farin wuri, kai zan shafa wa fentin."

Sati uku bayan haka ya sa hannu a ƙasan allon, yana zufa kamar mai sauke kaya. Ya kai wa Baba da kansa. Auta tana bayan labule, Mama na riƙe da gefen mayafinta.

Baba ya sa tabarau, ya matsa kusa, ya ja da baya.

"Ka san babban yatsan nan ya yi tsawo?"

"Na sani, Baba."

"Ka sani, ka kuma kawo shi haka?"

"Na kawo shi. Na gaba zai fi shi."

Baba ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce duk gidan da ya gina a rayuwarsa ya san inda ya karkace, akwai wanda har yau in ya wuce yakan kau da kai. Amma mutane suna ciki, an haifi 'ya'ya a ciki, ruwa bai taɓa dukansu ba.

"Wannan an yi masa rufi," ya ce. "Ka turo manyanka."

Auta ta ɗauka za ta yi tsalle in ranar ta zo. Sai ga shi ta zauna a ƙasa ta kifa kai a gwiwar Mama, ta yi kukan da ta riƙe wata bakwai.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Malama ta zo da ƙananan allunan nan na kabad a matsayin gudummawa, nasa da nata a haɗe, masu kyau da marasa kyau. Baba ya dafa kansu su biyun, ya ce Allah ya ba su haƙurin koyo, ya ba su ƙarfin halin kai abu ƙarshe, ya sa mutuwa ce kaɗai za ta raba. Ɗaki ya amsa da amin. Ango ya sunkuyo ya tambaye ta ko har yanzu a gajiye take.

"Sosai," in ji ta. "Amma yanzu ina da inda zan huta."