Darasin da Ubaidullah Bai Ƙarasa Ba

"Sake faɗa, Nasiba. Abin yanzu yake faruwa, bai ƙare ba."

"I am going..." Na jefar da allin. "Ba zan iya ba! Baba ya ce yau ne zuwanka na ƙarshe."

Ubaidullah ya sunkuya ya ɗauki allin.

Malamin Ingilishi ne a wani kwaleji a Magarya, ɗan makiyayan da ke bayan garinmu, Kwaya. Da na faɗi jarrabawar bak ta shiga jami'a, yayana ya roƙe shi ya riƙa koya mini a zaurenmu. Tun muna kan am da is na daina jin darasi, muryarsa kawai nake ji.

"Saboda gonar ne?" ya tambaya a hankali.

Na gyaɗa kai.

Shekaranjiya aka wayi gari shanu sun tattake geron Baba ana dab da girbi. Rabilu, ɗan baffana da ya daɗe yana nemana ina ƙi, shi ya rantse cewa shanun gidan su Ubaidullah ne.

Ubaidullah ya ce, "Wallahi ba namu ba ne, masoyiyata. Gobe zan turo manya su ga Baba kan maganar aurenmu... Gobe kuma mu shiga was da were."

"Ka yi mini alkawari!"

"Na yi, in Allah ya kai mu."

Manyan ba su samu zuwa ba.

Washegari da hantsi Rabilu ya tara samari da sanduna, suka nufi rugarsu. Ubaidullah ne ya fito hannu sama yana ba su haƙuri. Suka rufe shi da duka.

A amalanken jaki aka ɗauko shi. Ba a kai likita ba ya cika.

Ban yi kuka ba, ƙasa kawai na zauna...

Ƙanwata Zulai ce ta faɗi gaban Baba tana kururuwa.

"Baba, na ga Yaya Rabilu! Shi ya koro shanun baƙi cikin gonar, ya ce in na faɗa sai ya karya ni!"

Jandarmomi suka tafi da Rabilu. Baba ya daina fita ko majalisa.

Bayan sadakar arba'in, Hajja mahaifiyar Ubaidullah ta yi sallama gidanmu, tana jan wata farar karsana.

"Malam Manzo," ta ce wa Baba, "wannan ɗana ya ware don sadakin ɗiyarka. Ba zan iya kallonta cikin garke ba."

"Hajja, da wane ido zan karɓa?"

"Ba kai na kawo wa ba."

Ta damƙa mini igiyar, ta riƙe hannuna gam.

"Ɗiyata..."

Sai a lokacin kukan ya zo mini, muka durƙushe tare a tsakar gida.

Karsanar tana nan ɗaure a gindin iccen bedinmu. Kullum da safe Baba ne da kansa yake kai mata harawa da ruwa, ya daɗe tsaye a kanta. Har yau ni da shi ba mu taɓa yin maganar ba.