Yatsun Likita Goma Ne

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na safe waya ta shigo caji ofis: an tsinci gawa a makarantar 'yan mata, ana tsakiyar bikin karrama tsofaffin ɗalibai.

Sufeto da Saja suka tarar da babban ɗakin taro cike da mata, kowa ta yi tsuru-tsuru. Lambobin yabo na jere a kan tebur, ko ɗaya ba a miƙa ba.

Shugabar ƙungiyar tsofaffin ɗaliban ce ta kai su laburare. Wata tsohuwa ce kwance kusa da teburin karatu, jini ya bushe a ƙeyarta.

"Wace ce?" in ji Sufeto.

"Mama Lissafi muke ce mata. Shekara arba'in tana koyarwa a nan."

"Me ya kawo ta laburare?"

"Cewa ta yi ta gaji, za ta ɗan huta. Ita kaɗai ta fito, yallaɓai."

Sufeto ya durƙusa ya buɗe hannun tsohuwar. Guntun tsohon hoto ne a damƙe, an yage sauran. Kofin gasa kawai ake gani, da hannun yarinyar da ke riƙe da shi.

Ya sa aka kira mai ɗaukar bidiyon bikin, suka zauna suna kallo. Ga baƙi na gaisawa da Mama Lissafi. Sai ga wata doguwar mace ta rusuna ta miƙa mata hannu.

"Wannan fa?"

"Ita ce Likita, babbar baƙuwa. Likitar mata ce, ita za a fara karramawa," in ji Shugaba.

A bidiyon, tsohuwar ba ta saki hannun ba. Ta juya shi, ta ƙura masa ido, murmushinta ya ɗauke. Can gaba kaɗan sai ga tsohuwar tana fita, Shugaba na riƙe da kafaɗarta.

Sufeto ya juya ya kalli Shugaba. "Ita kaɗai, kika ce?"

Ta fashe da kuka. "Wallahi abin kunya na guje wa ƙungiya."

"Wane abin kunya?"

"Jana ta yi gefe ta ce kada in ba Likita lamba, wai ba ɗalibarta ba ce. Wai ita da kanta ta kai yarinyar asibiti ranar da ƙofar aji ta datse mata ƙaramin yatsa, amma wannan yatsunta goma cif. Na ɗauka ruɗin tsufa ne. Ta ce in kawo ta laburare za ta nemo hoton yarinyar, na kawo ta na koma."

"Ke ba ki san Likita a makaranta ba?"

"Ta riga ni fita da shekara shida. 'Yan ajinsu biyu ne suka zo, kuma sun rungume ta. Shekara talatin da biyu, wa bai canza ba?"

"Tana zuwa taronku?"

"Ko sau ɗaya. Sau uku muna gayyatarta tana ba da uzuri. Bana ma sai da ta nemi jerin malaman da za su halarta."

"Mama Lissafi na cikin jerin?"

"A'a. Ɓoye zuwanta muka yi don mu ba mutane mamaki."

Sufeto ya sake duba guntun hoton a bakin taga. Ƙaramin yatsan hannun da ke riƙe da kofin guntu ne.

Aka shigo da Likita ofishin shugabar makaranta. Ta zauna a natse, jaka a kan cinya.

"Ranki ya daɗe, bidiyo ya nuna kujerarki babu kowa na minti ashirin. Ina kika je?"

"Mota. An kira ni daga asibiti."

"Mu ga wayar."

Saja ta duba, ta girgiza kai. "Babu kira tun ƙarfe tara, yallaɓai."

"Wataƙila na goge," in ji Likita.

"Wataƙila. Wace shekara ƙofa ta datse miki yatsa?"

A hankali ta janye hannunta zuwa ƙarƙashin jakar.

"Ke likita ce, ni ɗan sanda ne, ban kai ki sani ba," in ji Sufeto. "Yatsa yana sake tsirowa?"

Ya yi wa Saja alama, ta karɓi jakar ta zazzage a kan tebur. Cikin takardar jawabin godiya aka tarar da sauran hoton a ninke. Sufeto ya haɗa shi da guntun, suka zauna daidai. Yarinyar da ke dariya a ciki kamar Likita ce, amma ba ita ba ce.

Shugabar ƙungiyar, da ke tsaye a bakin ƙofa, ta dafe ƙirji. "Na shiga uku! To wa muka gayyato?"

"Yayata ce a hoton," in ji Likita. "Wata biyu bayan ta gama makaranta zazzaɓi ya ɗauke ta. Sakamakonta ya fito tana kabari. Ni kuwa sau biyu ina faɗuwa jarrabawa a wata makarantar. Baba ya ajiye mini takardarta ya ce kada wahalar Yaya ta tafi a banza. Daga ranar na koma amsa sunanta."

Ta ɗago kai. "Amma karatun likita ni na yi shi. Duk matar da na ceta, da hannuna na cece ta. Takardar farko ce kaɗai ba tawa ba."

"Me ya faru a laburare?"

"Na bi ta in roƙe ta. Har ƙasa na durƙusa. Ta ce sai ta faɗa a gaban kowa, don a san wadda ta ci kofin nan ta rasu ba a yi mata ko addu'a ba. Na fizgi hoton, ta riƙe, na ture ta. Kanta ya bugi gefen tebur."

"Nan take ta cika?"

Likita ta rufe ido.

"Tambayarki nake. Kin duba ta?"

"Na taɓa wuyanta."

"Sai me?"

"Da sauran ranta."

Saja ta saki biron da ke hannunta.

"Da kin tsaya, za ta rayu?" in ji Sufeto.

"Za ta rayu," ta ce. "Na san abin da ya kamata in yi mata. Na ja ƙofa na koma kujerata."

Sufeto ya daɗe yana kallonta. Shekararsa ashirin a aiki, ya ga kisa iri-iri, amma bai taɓa ganin irin wannan ba.

"Tashi mu je," ya ce.

Saja ta sa mata ankwa. Babu wata hanyar fita sai ta gaban ɗakin taro, kuma matan duk sun fito baranda. Wata daga cikinsu ta kutso, goye da jaririya.

"Likita! Ina za su kai ki? Ke fa kika ciro mini wannan a raye!"

Likita ta tsaya ta kalli jaririyar. Sannan ta wuce.

Saja ta buɗe ƙofar mota, Likita ta sunkuyar da kai ta shiga.