Burodi da Lemon Tsami

Inna Azumi na tsakar gidanta a Kudan tana tankaɗen garin dawa, sai ga Tukur, ɗan ƙanenta mai kai rake Zariya, ya yi sallama. Ko gaisuwar bai ƙarasa ba ya rage murya.

"Goggo, na ga Uwaisu a Sabon Gari. A hotal yake cin abinci, shi da amaryarsa, kan tebur ɗaya!"

Rariya ta faɗi daga hannun Inna. Uwaisu autanta ne, akawu a reluwe, wata biyar ke nan da ya auri Lantana 'yar Makarfi, wadda ta yi makarantar boko har aji bakwai.

"Hotal? Da aurensa yake cin tuwon kasuwa kamar gwauro? Dama na faɗa, 'yar boko ba ta san murhu ba! Wallahi jibi Lahadi da kaina zan mayar da ita gidan ubanta."

Shekara biyu ke nan da samun mulkin kai, kuma a ganin Inna tun ranar yara suka daina jin magana. Lahadi da hantsi motar rake ta sauke ta a Zariya. Ta tarar da su a ƙofar gida sun ci ado, Uwaisu na kulle ƙofa. Lantana ta zube ƙasa tana gaisuwa, Inna ta amsa a daƙile.

"Ke, kwaso kayanki. Mace da ba ta iya ciyar da mijinta ba me za ta zauna yi?"

Hawaye suka zubo wa Lantana. Uwaisu ya durƙusa. "Inna, ki yi haƙuri, wallahi tana girki. Kwana shida tana yi, Lahadi ce kawai na hana ta."

"Don me?"

Uwaisu ya kalli Lantana, ita kuma ta kalli ƙasa. Akwai dalili, amma ba irin wanda ɗa mai kunya ke buɗe baki ya faɗa wa uwarsa ba ne.

"Ka gani ko? Babu amsa!"

"Inna, kin sha hanya ba ki karya ba. Mu je ki ga wurin da idonki. In kin ci kin ce ta tafi, ba zan yi miki musu ba."

Yunwa ba ta san fushi ba, Inna ta bi su tana mita. Gidan abincin na Malam Iliyasu ne, tsohon kukun Turawa. A bayan labule ya keɓe ɗaki don masu zuwa da iyali, rediyo na ta kiɗa a kan kanta. Uwaisu ya ba da oda, nan da nan tebur ya cika: shayi mai madara, burodi da bota, wainar ƙwai, soyayyen dankali, ga waina da miyar taushe tana turiri.

Inna ta ɗaga cokali mai yatsu ta jujjuya. "Wannan kuma tsefe kai ake yi da shi?" Ta ajiye shi gefe, ta wanke hannu. Loma ɗaya ta kai, ta taɓe baki. "Miyar ba daddawa." Amma hannun bai tsaya ba, waina huɗu ta tashi da su tana kushe kukun.

Lantana na takure a ƙarshen benci, ta ja mayafi. Ina suruka za ta ci abinci gaban uwar miji? Uwaisu ya manta, ya tura mata farantin ƙwai. Ƙamshin na bugunta ta toshe hanci ta kau da kai.

"Sori, sori!" ya ce, ya janye da sauri.

Sai ga Malam Iliyasu da ɗan faranti, ya ajiye gabanta ba tare da an tambaye shi ba. "Ga na amarya, kamar kullum." Lemon tsami ne yankakke da tulin yaji.

Lantana ta daure, ta sake daurewa. Ina! Hannunta ya fito daga mayafi, ta matse lemon a kan burodi, ta barbaɗa yaji har ya yi ja, ta hau ci ido rufe kamar wadda ta kwana uku ba ta ci ba.

Inna ta buɗe baki za ta ce "marar kunya", sai ta fasa. Ta dubi ƙwan da aka janye, ta dubi lemon. Ta kamo hannun yarinyar ta juya tafin, ta leƙa fuskarta da ta yi fari fat.

"Ke, wata nawa?"

Lantana ta cusa kai cikin gwiwa. Uwaisu kuwa ya miƙe zumbur, wai zai duba kekensa a waje, alhali da ƙafa ya zo.

"Dawo nan, ja'iri! Hayaƙin murhu ne ke sa ta amai?"

Ya ɗaga kai. "Da tsumma take ɗaure hanci ta yi girkin, Inna. Na ce ta bari, ta ƙi."

Kunya ta kama Inna. "Lokacin da nake ɗauke da kai, ina amai ina daka, ba wanda ya taɓa karɓar mini taɓarya ko na yini ɗaya." Ta share ido da bakin zane, ta jawo Lantana jikinta. "Yafe mini, 'yata. Na zage ki kina da gaskiya, kika yi shiru."

"Ba komai, Inna," Lantana ta ce cikin kuka da dariya.

Haka nan ne, mai yanke hukunci da jin labari yakan rushe gidan da ba shi da laifi, mai haƙuri kuwa gaskiyarsa kan fito ko bai yi magana ba. Inna ba ta koma Kudan ba sai bayan suna. Ta karɓe murhu kwana shida, Lahadi kuwa ita ke fara yafa mayafi.

A ranar dai, kafin su tashi, ta ɗaga labule ta ƙwala kira: "Kai mai abinci! Ƙaro lemon tsami, jikana bai ƙoshi ba. Ni kuma waina biyu, ko da ba daddawar!"