Takun Baba Ɗingishi

Ranar Talata da hantsi Manajan gidan rediyo ya faɗo ofishin 'yan sanda yana share gumi, ya ce an kwashe musu faya-fayai ɗari biyu da goma sha ɗaya daga ɗakin ajiya. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa kwaɗo ba. Makulli kuwa ɗaya tak ne, shekara talatin da ɗaya yana rataye a wuyan matar da ake kira Uwar Faifai. Ya ma taho da ita, tana can bayan kantar 'yan sanda.

"To, ita me ta ce?" in ji Sufeto.

"Yallaɓai, wai mamaci ne."

Saje ya ƙyalƙyale da dariya. Sufeto bai yi ba, don ya hango tsohuwar a kan benci. Sati biyu ya rage ta yi ritaya. In ba a ga kayan ba zuwa Alhamis, a kotu za ta ƙare aikinta da sunan ɓarauniya.

"Mama, wane mamaci?"

"Baba Ɗingishi, ɗana."

Sufeto ya san sunan, wa bai sani ba? Shekara ashirin da shida mutumin yana fitowa a wasan rediyo na ranar Asabar a matsayin tsohon maigadi mai jan ƙafa. Tun kafin ya buɗe baki ake gane shi da takunsa. Wata huɗu ke nan da rasuwarsa.

"Ƙarfe ɗaya na rana yake zuwa," in ji ta, "lokacin labarai, kowa yana sama. Ƙwas, shuuu. Ƙwas, shuuu. Yana isowa bakin ƙofata sai ya tsaya."

"Sai ki kulle ki tafi?"

"Kullum ina kullewa."

"Mama, dube ni."

Ta sunkuyar da kai. "Gudu nake ta ƙofar baya. A buɗe nake barin ɗakin. Kwana tara. Wa zan gaya wa? Su ce tsufa ya taɓa min kai?"

Ɗaya saura kwata Sufeto da Saje suka sauka ɗakin ajiyar. A ƙarƙashin ƙasa yake, ba taga, ƙwan fitila ɗaya ne a dogon lungun da ke kaiwa ƙofar. Rana tsaka ce a waje, amma nan sanyi ke ratsa riga, ga warin tsohuwar takarda. Kantocin wasan Asabar sun zama fayau. Hirarrakin marigayin da waƙoƙinsa kuwa suna nan a jere, ko ɗaya ba a taɓa ba.

Saje na cikin cewa ai shi tun yana ƙarami ba ya tsoron komai, sai jar fitilar labarai ta kama a saman ƙofa.

Ƙwas. Shuuu.

Bakin Saje ya tsaya a buɗe.

Ƙwas. Shuuu. Takun yana tahowa daga can ƙarshen lungu, a hankali, irin na wanda ya san hanya. Sufeto ya leƙa. Lungun na gabansa tun daga farko har ƙarshe, babu kowa. Takun ya iso daidai inda yake tsaye, ya yi shiru.

Da ya waiwaya, jarumin nasa har ya kai rabin matakala.

Sufeto ya daure ya taka zuwa ƙarshen lungun ya dawo. A dawowar ne ya tsaya cak. Takalmin aiki ne a ƙafarsa, mai nauyi, amma ko motsinsa bai ji ba. Kafet ne mai kauri shimfiɗe daga bango zuwa bango, yadda ake yi a gidan rediyo don kada tafiya ta shiga makirufo.

"Saje, sauko, ba zai cije ka ba. Mamacin nan a kan katako yake tafiya, mu kuma a kan kafet muke."

Da yamma ya je gidan marigayin. Matarsa ta karɓe shi a falo, ƙarƙashin hoton mijin. Sufeto ya yi mata gaisuwa, sannan ya tambaya ko wace ƙafa ce ke damun marigayi.

"Ƙafa?" Ta yi dariya har da share hawaye. "Ɗan nan, mijina ko tuntuɓe bai cika yi ba. Sauri gare shi, ni ke binsa a baya ina haki. In mutane suka gan shi a hanya har haushi suke ji, wai ina ɗingishin? A gaban makirufo ma ba ya ɗaga ƙafa. Takalmi yake cirewa ya tsaya wuri ɗaya kamar an dasa shi."

"To takun na wa ne?"

"Oho. Ban taɓa tambaya ba." Ta ɗaga kai ta dubi hoton. "Ka ga kuwa, babu wanda ya taɓa tambaya."

Laraba da safe Sufeto ya zauna da Injiniya, sabon ma'aikacin da aka ɗauko don ya mayar da tsofaffin faya-fayai cikin kwamfuta, daga nan a zubar da su.

"Kwafa kawai nake yi, Yallaɓai, ba na taɓa komai."

"Kunna min ɗaya."

Ya yi ta lalube-lalube kafin ya kunna. Muryar Baba Ɗingishi ta cika ɗakin, tas, kamar yana zaune a kujerar kusa. Ya yi sallama, ya ce ga shi nan shigowa. Shiru. Sai kuma ga shi yana magana a cikin ɗaki. Ba taku, ba ƙarar ƙofa, ba komai, murya kawai tana yawo ba jiki. Wannan ya fi na jiya tayar wa Sufeto da hankali.

"Ka ce ba ka taɓa komai."

"Wankewa ce kawai. Na'ura ke cire hayaniya ta bar murya. Haka ake yi yanzu."

"Wa ya ji wannan ban da kai?"

"Manaja. Sai wani dattijo da ya shigo kawo min waya. Ya tsaya ya ji, ya fita. Kwaram suke ce masa."

Ɗakin Kwaram yana daidai saman lungun ajiya. Ɗan ƙuƙumin ɗaki ne cike da tarkace: ƙaramar ƙofa mai sakata a jikin firam, fallen kwano na yin tsawa, bokiti da gwangwani mai huji na yin ruwan sama. Mai ɗakin siririn tsoho ne, yana zaune kamar ba ya son ya ɓata wa iska rai.

"Baba, kai ke yin takun Baba Ɗingishi?"

"Da can. Ranar da ya rasu na zubar da takalman."

"Ƙarfe ɗaya na jiya kana ina?"

"Wajen cin abinci."

Sufeto ya zaga ɗakin. A bayan ƙofa ga tsakuwa an zube ta tsibi guda a ƙasa. Kusa da ita ga dogon akwatin katako a rufe, an ɗora masa tsumma.

"Wannan ba a cikin akwatin nan take zama ba, ka riƙa taka ta in ana tafiya a tsakar gida?"

Saje ya ɗaga murfin. Faya-fayai ne a jere, kowanne an goge shi. A samansu ga takalmi ƙafa ɗaya mai ƙusa a dunduniya, da silifa ƙafa ɗaya da ta cinye a gefe. Wata sabuwar waya ta taso daga wani makirufo, ta bi ta bayan akwatin ta nutse cikin rami, zuwa tsofaffin lasifikokin lungun ƙasa da kowa ya ɗauka sun mutu.

Kwaram ya miƙa hannu ya shafa takalmin.

"Shekara ashirin da shida," ya ce. "Shi baki, ni ƙafa. Ba a taɓa faɗin sunana a ƙarshen shiri ba, ban kuma damu ba, don in yara suna jan ƙafa a titi na san ni suke kwaikwayo. Sai yaron nan ya zo ya ce hayaniya ce. Hayaniya, Yallaɓai! Su goge ni, su zubar da faifan, marigayi ya zauna har abada ba ƙafa."

"Na jiya fa? Ka riga ka kwashe komai."

"Don ku ji da kunnenku. Ku san Uwar Faifai ba ƙarya take yi ba."

"Amma ba don ka zo ka ce kai ne ba."

Kwaram ya janye hannunsa daga kan takalmin. Sufeto ya ji tausayinsa, ya kuma ji haushinsa, duk a lokaci ɗaya.

Ana sakko da shi aka shigo da Uwar Faifai, Manaja na biye da ita yana ta ba da haƙuri, makulli a tafin hannunsa. Ko kallonsa ba ta yi ba. Gaban Kwaram ta tsaya.

"Kai ne?"

"Ni ne, Yaya."

"Ni na rubuta sunanka a bayan kowane faifai da hannuna, tun ranar farko. Ka goge su ɗaya bayan ɗaya, ba ka juya ko guda ka gani ba?" Ta nuna shi da yatsa. "Da ka ce min kana so, wallahi da ni zan riƙe maka ƙofa. Amma ka tsaya a taga kana kallo aka saka ni a mota."

Saje ya juya faifai ɗaya. Rubutun na nan da jar tawada, ƙarƙashin sunan marigayi.

Kwaram ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya miƙa hannuwansa biyu da kansa aka sa masa ankwa.

Harabar gidan siminti ce tsura, ma'aikata sun yi cirko-cirko. Takalman Saje suna ƙwas-ƙwas har bakin mota. Tsohon da ke gefensa kuwa, duk da kowa ya kasa kunne, babu wanda ya ji takunsa.