Sheƙar da Aka Sa a Taswira

Da magariba ne, uwar gida na kwashe shanya, dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufi. Na biyu ya fasa tagar ɗakin da maigidan ke ajiye takardunsa.

Maigidan tsohon malamin makaranta ne. Da ya yi ritaya zama ya gagare shi, sai ya shiga cikin masu aikin sa kai da ke zagaya daji suna rubuta inda tsuntsaye ke sheƙa. Matarsa kan ce ya fi sanin ranar ƙyanƙyasar shirwa a kan ranar haihuwar 'ya'yansa, kuma ba ta yi masa ƙage ba. Autarsa ce abokiyar yawonsa, ita ke rubutu, ita ke ɗiga jan alƙalami a taswira.

Kwana uku ana jifa. A na huɗu Auta ta zauna a tsakar gida, idonta a kafe, ta ƙi motsi. Aka ɗauko mai ruƙiyya. Ya daɗe yana karatu kafin bakinta ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito.

"Wa ya ba ku izinin rubuta gidana?"

"Wane gida, baiwar Allah?" in ji mai ruƙiyya.

"Kogon bishiyar bakin rafi. Shekara da shekaru muna zaune da tsuntsayen nan, ba wanda ya sani. Hannun nan ya ɗiga mu a takarda, mutane suka yi ta zuwa da kyamara. Uwar tsuntsun ta tashi, ƙwai huɗu suka huce. A goge mu."

Maigidan ya durƙusa. "Wallahi na riga na aika taswirar, ta shiga intanet. Ba ta goguwa."

Mai ruƙiyya ya yi lallashi, ya yi barazana, har muryarsa ta dushe. Daga ƙarshe muryar tsohuwar ta ce, "Zan fita, amma da muryarta zan tafi. Ranar da tsuntsayen suka dawo suka ƙyanƙyashe a kogon nan, za ta yi magana."

Auta ta yi atishawa ta zube. Da ta farfaɗo sai motsa baki take, ba sauti. Abin tausayi, uwar gida har da hamdala, ta juya ga mijinta.

"Ai da sauƙi, Malam. Baɗi za su dawo, ko? Kai ka san su."

Ya san su kuwa. Shekara shida yana bin irin tsuntsun nan, bai taɓa ganin ya koma sheƙar da aka kore shi ba.

"In sha Allahu," ya ce.

Auta, da ta cike masa littafi shida da hannunta, ta dube shi ta girgiza kai.