Finjalin da Balarabe Ya Cika

Da Balarabe ya yi ritaya daga tuƙin tankar ruwa, shekarar da aka kai matarsa Ƙaltume maƙabartar Baƙi'a a Madina, gidansu na unguwar Harra ta Gabas ya yi masa faɗi. Sai ya sayi ɗan karafan, ɗaki guda mai taya, ya ja shi bayan dutsen Uhudu, wani fili da iyalai ke kafa tanti ranar Alhamis. Ba wanda ya sa shi, ba mai biyansa. Ya cika duro da ruwa, ya nuna wa baƙi wurin da babu kunama, ya kwashe shara. 'Yarsa Sundus, da cikinta ya tsufa, ta yi ta roƙon ya dawo gida, ya ce sai ta sauka.

Wata Asabar, kowa ya watse. Ya idar da magariba, ya zaga yana kashe ragowar garwashin mutane. Iska ta tsaya cak. Ko kukan kare babu.

Yana dawowa ya tarar da mace zaune a tabarmarsa, cikin abaya, fuska a rufe. Babu mota, babu sawu a rairayi. Sai ƙanshin turaren wuta, irin wanda ake haɗawa a gida, ƙarƙashinsa kuma wani wari kamar jiƙaƙƙiyar toka.

"Abu Sundus," ta ce a hankali, "yau ba gahawa?"

 Muryar Ƙaltume ce, har da 'yar shaƙewar da ciwo ya bar mata. Ya san ba ita ba ce. Da hannunsa ya sa ta a kabari. Amma kunnensa ya daɗe da yunwa.

Ya ɗauko butar gahawa, ya zauna.

A Madina, kaɗan ake zuba wa baƙo, ƙasan finjali, ɗan ƙaramin kofin gahawa, don ya daɗe. In ya ƙoshi ya girgiza finjalin, a daina. In kuwa mai gida ya cika shi fal, to ya ce ke nan: sha ka tafi. Kora ce, kuma ba a yi wa wanda ake so.

Ya zuba kaɗan. Finjalin ya shige ƙarƙashin mayafi, ya fito a bushe. Bai ji haɗiya ba.

"Ka rame, wallahi. Wa ke maka tuwo a nan?"

"Tamis nake saya," ya ce, hawaye na bin gemunsa.

"Tamis. Kai da ba ka iya cin burodin Larabawa." Ta yi 'yar dariyar nan tata.

Ya ƙara. Ba ta girgiza ba. Ya ƙara.

Sai ya waiwaya. Fitilar karafan, da ya bari a bayansa dab, ta koma can nesa, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero. Kewaye da tabarmar, baƙaƙen duwatsu ne, masu kaifi. Shi bai motsa ba.

Butar ba ta ragu ba. Hannunsa ne ke sanyi.

"Ƙara ɗaya, mun kusa gida," ta raɗa.

"Sundus fa? Tana gab da haihuwa."

"Wace Sundus?"

Ƙaltume ba za ta taɓa manta 'yarta ba.

Hannun ya sake miƙo finjalin. Yatsun sun fi ƙima tsawo.

Ya yi bisimilla. Ya karkata butar. Gahawa ta hau, ta hau, ta kai baki, ta zubo.



"Ni ka cika wa, Abu Sundus?"

Da muryarta aka faɗa. Muryar da take yi in ya ɓata mata rai ta rasa abin cewa.

Ya runtse ido yana Ayatul Kursiyyu, kalmomin na karyewa a bakinsa. Wani abu ya ja jiki kan duwatsu, ya yi nisa. Da ya buɗe ido, shi kaɗai ne. Da rarrafe ya nufi fitilar, tafukansa na jini.

Sundus ta haifi mace. Balarabe ya sayar da karafan, ya koma Harra ta Gabas. Limamin unguwa ya ce masa ya yi daidai, aljana ce ya kora, ba matarsa ba.

"Na sani, ya shehi," in ji shi.

Amma a da Ƙaltume kan zo masa a mafarki, ta zauna bakin gado tana masa faɗa a kan hularsa. Tun daga ranar ba ta sake zuwa ba. Kullum bayan isha yakan kwanta da wuri, ya matsa jikin bango, ya bar mata wuri.